Jakar da na bari a ɗakin shugaba

Shekarun baya, lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Yamai, na yi wani kuskure da har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Na daɗe ina so in ba ku labarin, ina fasawa. Akwai wuraren da ni kaina ban san gaskiyar abin da ya faru ba, don haka zan tsaya a iyakar abin da na gani da abin da na ji.

Kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike, wanda muke kira memuwar, kafin a ba shi takardar gamawa. Malamin da ke duba aikina shi ya zaɓa mini batu: yadda ake auna tasirin shugabanci a kan aikin ƙungiya. Wato in nemi wata ƙungiya, in gano irin shugabancin da ake yi mata, in gano ko tana ci gaba ko tana ja da baya, sannan in nuna ko ɗayan ne ke jan ɗayan. A kan allo abin ba wuya. Akwati a hagu, akwati a dama, kibiya a tsakani.

Abokan karatuna suka bazu cikin ofisoshin Yamai. Ni kuwa tsoron ofis nake yi. Ina tsoron mai gadi, ina tsoron a tambaye ni wa ya aiko ni, ina tsoron a ce in dawo gobe. Sai na tuna da wata ƙungiyar masu lambu a wani ƙauye na ƙasar Kurfey, tafiyar kamar awa guda a moto, wato babur, daga garinmu, Filingue. Shugabanta aminin marigayi mahaifina ne. Na ce wa kaina, can dai ba wanda zai ce in dawo gobe.

Ƙungiyar ta masu noman rani ce, mutum talatin da 'yan kai in ban manta ba, maza da mata. Albasa suke yi, da kabeji da tumatir. Filin na gidan shugaban ne, aro ya ba ƙungiya, aka yanka wa kowa feginsa. Wani shirin taimako ya haƙa musu rijiya mai zurfi, ya sa famfon da hasken rana ke juyawa, da ƙaramin tanki a sama. Tiyo ɗaya ne tak ya ratsa lambun daga tanki har shingen ƙarshe, ana ban ruwa bi da bi. Manya ke farawa da hantsi, sai na bayansu, sai na bayan waɗancan, har a kai ga waɗanda suka shigo ƙungiyar daga baya. Ba wanda ya rubuta wannan doka. Kamar cin tuwo ne, babba ke fara sa hannu.

Ranar da na isa, shugaban ya tarbe ni kamar mahaifina ne ya dawo duniya. Aka yanka zabo. Aka share mini ɗakin zaure. Da hannunsa ya ɗauki jakata ya shiga da ita ɗakinsa, ya ce kayan baƙo wurin mai gida suke zama. Kowace safiya sai in yi sallama, a miƙo mini ita, in fita aiki, da yamma in mayar. Ban ga komai a cikin wannan ba sai karamci, kuma har yau ina jin karamcin ne.

Takardar tambayoyina da Faransanci take, ni nake fassara wa mutane da baki, in rubuta amsarsu. Abin da na fi alfahari da shi shi ne babu wurin suna. Haka aka koya mana. A sama dai akwai 'yan akwatuna: shekaru, namiji ko mace, harshen da ake yi a gida, shekara nawa a ƙungiya, fegi a farkon tiyo yake ko tsakiya ko ƙarshe. Daga nan sai tambayoyi a kan shugaba, a ba shi maki daga ɗaya zuwa biyar. A ƙasa na bar layi huɗu ga wanda ke da abin ƙarawa.

Kwana huɗu ina bin mutane fegi fegi. Wani dattijo na tambaye shi ko shugaba yana sauraron shawara, daga ɗaya zuwa biyar. Ya dube ni ya ce, "Biyar ɗin ita ce iyaka?"

Na ce ita ce.

"To wa ya rage sauran? Sa mishi goma, in sun yi magana ka ce ni na ce."

Wata tsohuwa kuwa ko tambayar ba ta bari na gama ba. "Ɗan nan, sa mai babbar. Duka sa mai babbar. Ka bar ni in yi cirar haki."

Da na duba takarduna sai na ga biyar, biyar, biyar, kamar sawun kaza. Hankalina ya soma tashi, amma ba don kowa ba sai don kaina. In kowa ya ce biyar, me zan auna? Me zan gaya wa malamina?

A rana ta biyar na kai fegin ƙarshe, jikin shingen ƙaya. Mai shi Bazabarme ne daga wajen Damana a ƙasar Tondikandia, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, siriri, marar yawan magana. Ya zo garin da daɗewa, ya auri 'yar garin, ya zauna. Ba shi da gonar kansa. Da damina ƙodago yake yi a gonakin mutane, da rani kuwa wannan fegin albasa shi ne abin da iyalinsa ke dogara da shi. Ya ce mini fofo, wato sannu da Zabarmanci, ya share mini dutse na zauna. Shi ma biyar ya ba da a ko'ina. Da na zo layukan ƙasa na tambaye shi ko yana da abin ƙarawa, ina shirin rufe biro, sai na ji bai ce a'a ba.

Ya dubi hagu da dama. Mushe yake kirana, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Ya ce, "Mushe, wagga takarda wa za shi gani?"

Na ce ni kaɗai, sai malamina a Yamai, kuma babu suna.

"Perzidan ba shi gani?" Shugaban yake nufi.

"Ba zai gani ba."

"Ka rantse."

Ni mutum ne da ko wajen sayen goro ba na rantsuwa. Amma kwana huɗu ina jiran wanda zai faɗi wani abu daban. Na ce, "Wallahi ba wanda zai gani a garin nan."

Sai ya yi magana, a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce shugaba mutumin kirki ne, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Amma kafin layi ya zo kansu, su na ƙarshe, la'asar ta yi, tanki ya ƙare, rana ta yi sanyi, famfo ba ya da ƙarfi. "Ruwa in ya iso nan, awa fitsarin akuya. Bara rabin albasata ta ƙone. Wanda za shi gaya mai, sai ya ce manya su jira yara. Wa ke iya hwaɗin haka? Ni ko baƙo ne, a aron ƙasa nike." Sannan ya ƙara da cewa, "Shugaban da ba ya zuwa ƙarshen tiyo, shugaban dangi nai ne."

Na rubuta duka, kalma bayan kalma. Jimlar ƙarshen nan har layi biyu na ja a ƙarƙashinta. Ina jin kunyar faɗi, amma na tashi daga wurin ina murna kamar wanda ya tsinci zinariya.

Washegari ranar kasuwar Filingue ce, kuma takarduna marasa rubutu sun ƙare, ga sauran mata ban tambaya ba. Babu inda ake fotokopi sai Filingue. Na sami mai moto da zai tafi kasuwa, na yi sallama aka miƙo jaka, na rataya. Shugaban yana ƙofar gida. Ya dubi jakar, ya dube ni.

"Ɗana, mi munka yi maka?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Fotokopi zan yi in dawo."

"Da kaya duka? Baƙo ba shi hita da kaya nai sai in hushi ya yi. Mutane su gan ka da jaka bisa moto, su ce na kore ɗan aminina? Ɗauki takarda guda da kake so, ka bar sauran. Ai gida ne."

Ya miƙo hannu. Na sha maimaita wannan lokacin a raina. Da na ce akwai littafin da zan mayar wa wani. Da na zare takardun da aka cike na sa cikin riga. Da na ce masa, Baba, dokar makaranta ce. Ban yi ko ɗaya ba. Dattijo ne, aminin mahaifina, na ci zabonsa, ga hannunsa a miƙe. Na cire takarda guda, na ba shi jakar da hannu biyu. A kan hanya na lallashi kaina da cewa ba ya karanta Faransanci, kuma ai babu suna.

Na gama fotokopi bayan azahar, na biya gida in gai da mahaifiyata. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ina cin dambu ina ba ta labarin aikina, da 'yar fankama irin ta ɗan jami'a. Na ce mata mutum ɗaya ya faɗi gaskiya mai ɗaci a kan shugaba, amma ba wanda zai taɓa sanin ko wane ne, domin mu a ilimi ba ma rubuta suna.

Mahaifiyata ba ta yi makaranta ba. Ta ce, "To mi kuke rubutawa?"

Na lissafa mata: namiji, shekara arba'in da biyar, Zabarmanci a gida, fegi a ƙarshe.

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ai wanga mijin ɗiyar mai saƙar tabarma ne. Dogon nan da ya zo daga wajen Damana. Yana nan ashe?"

Na ajiye kwanon dambun. Matar da ta yi shekaru ba ta taka ƙauyen ba, ta gane shi kafin in rufe baki.

Ta ga fuskata, ta ajiye rariya. "Takardar tana ina?"

Na faɗa mata.

"Kai wanga! Ka sa mutum ya buɗe ciki nai, ka ɗauka ka kai ɗakin wanda anka yi maganar a kai, ka zo nan kana cin dambu?"

Na ce, "Inna, ai ba ya karatu."

"Shi ba ya yi. Garin duka ba mai yi?"

Akwai mai yi. Sakataren ƙungiyar tsohon malamin makaranta ne, kullum yana zaure wurin shugaba. Na fita a guje zuwa tasha, na tarar 'yan kasuwar ƙauyen sun riga sun juya, mai moton da ya kawo ni ma ya ɗauki buhu ya tafi. Na nemi wani, ya ce hanyar yashi ce, ba zai kama ta da yamma ba. Na riƙe waya ina tunanin kiran shugaban. In ce masa me? Baba, kada ka buɗe jakata? In bai yi niyya ba, na zarge shi, kuma na nuna masa akwai abin gani. Ban kira ba. Ban ce na yi barci ba a ranar.

Da hantsi na isa ƙauyen. Tun daga ƙofar zaure na ga abin da nake tsoro. Shugaban yana zaune a tabarma, sakatare a gefensa da tabarau a hanci. Takarduna a jere, an daidaita bakinsu da kyau. Guda ɗaya an ware ta gefe, an danne da ɗan dutse. Daga inda nake tsaye ina hango layi biyun da na ja.

Na durƙusa na yi gaisuwa. Ya amsa duka, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi hanya.

Ya ce, "Na ce ma Mushe sakatare shi duba mani ko mutanena sun ba ka haɗin kai. Kar ka koma Yamai a ce an wulaƙanta ka a garina." Na yarda har zuciyata cewa dalilinsa ke nan. "Sun ba ka. Kowa ya ce ni mutumin kirki ne." Ya ɗora yatsa a kan dutsen. "Sai wagga."

Na ce, "Baba, wannan takarda amana ce. Rantsuwa na yi wa mai ita."

"Ban tambaye ka ko wane ne ba."

"Don Allah, Baba, laifin nawa ne. Ni na matsa masa. Wataƙila ma ban fassara daidai ba, Faransancina..."

Sakatare ya ce, "Faransancinka ba laihi, ɗana. Har layi ka ja."

Shugaban ya ɗauki takardar yana juya ta a hannu. Ban taɓa ganin ya yi fushi ba, don haka ban san kamannin fushinsa ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Can ya ce wa sakatare, "A gaya ma kowa, bayan la'asar a haɗu a lambu. Kowa da kowa, har mata." Ya tattara takardun, har da waccan, ya sa cikin jaka, ya miƙo mini. "Riƙe kayanka."

Na zauna a ɗakin zaure da jaka a cinya. Abin da ke yawo a kaina shi ne ƙasar tasa ce. Ba sai ya kori kowa da baki ba. Ya isa ya ce gidansu na bukatar fegin nan. Ya isa a manta da layin mutum kwana uku a wannan zafi. Zuciyata ta ce in nemi moto in gudu Filingue, in ce mahaifiyata ba lafiya. Na kai har bakin hanya. Ban san abin da ya juyo da ni ba, ina jin tsoron fuskar mahaifiyata ne ya fi tsoron taron.

Rana tsaka na tafi fegin ƙarshe. Na same shi a tsugune yana gyara bakin fangalin albasa da hannu. Ya ce, "Mushe, fofo. An ce akwai taro."

Na tsuguna a gabansa na gaya masa komai. Ban iya kallon idonsa ba. Na shirya wa zagi, har mari na shirya wa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ci gaba da tura ƙasa da tafin hannu, sannan ya ce, "Ka ko rantse."

Na ce na rantse.

Ya dubi albasarsa. Ta yi kore, ta fara ɗaura kai. "Saura wata guda. Su bar ni in cire ta dai. In na cire, su amshi hegin." Sai ya ce, "Matata ba ta san na yi magana ba. Perzidan kawunta ne."

Ban san haka ba sai a lokacin. Babu akwatin wannan a takardata.

Na ce zan tashi a taron in ce ni na ƙirƙiri maganar. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka yi rantsuwa guda ta karye, za ka ƙara ƙarya bisa? Tahi, Mushe. Bar ni."

Bayan la'asar mutane suka taru a gindin tanki, inda aka saba zama. Shugaban ya zo, bai zauna ba. Ya ce a biyo shi. Ya kama tiyo ya bi, fegi bayan fegi, mu duka a bayansa, har shingen ƙarshe. Bazabarmen yana tsaye a wurin da bakin tiyo a hannu, domin layinsa ne. Ni ina can baya, na rungume jaka kamar wani zai ƙwace.

Shugaban ya ce a kawo gwangwanin ban ruwa. Ya sa aka ajiye a ƙasa, ya karɓi tiyon da kansa ya sa a ciki. Ya ciro carbi daga aljihu ya soma ja. Ruwan yana zuba siriri, yana yankewa, yana dawowa. Muna tsaye muna kallon gwangwani. Ya kai ƙarshen carbin, ya sake kamawa. Ya kai, ya sake. Da ya gama zagaye na uku ya leƙa, ruwa bai wuce rabi ba.

Ya ɗago ya ce, "Yau da hantsi na yi wanga a hegin ƙanena. Ban kai rabin carbi ba gwangwani ya cika har ya zuba." Ya dubi mutanen ƙarshen tiyo ɗaya bayan ɗaya. "Shekara nawa kuna haka?"



Ƙanensa, wanda feginsa ke jikin tanki, ya ce, "Yaya, wa ya kai ƙara?"

"Ruwa ya kai ƙara. Ba ka gani?" Sannan ya yanke: daga gobe, rana ɗaya a fara daga tanki, rana ɗaya a fara daga shinge. Wani dattijo ya ce, yanzu su za su tsaya jiran yara? Shugaban ya ce shi ma feginsa na cikin masu jira. Aka yi gunaguni, amma ba wanda ya ƙara ɗaga murya.

Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Mutane har sun fara juyawa. Sai shugaban ya miƙa wa Bazabarmen tiyonsa, ya ce da murya da kowa zai ji:

"Kai ko, ka san ƙohwar gidana. In kana da magana, ba sai ka ba yaro ya rubuta da Nasaranci ba. Dangina ku ne duka, har wanda bai sani ba."

Ban san ko da nufin alheri ya faɗa ba. Mai yiwuwa a ganinsa jawo shi jiki ya yi. Amma na ga yadda kawuna suka juya gaba ɗaya. Na ga ƙanen shugaban ya kafe shi da ido. Na ga wata mata a cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska, daga baya na gane matarsa ce. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi ƙara girma, Perzidan." Ruwan yana ta ɗiga a kan ƙafarsa.

Na ƙara kwana biyu don in tambayi sauran mata. Kowace ta ba da biyar. Da na zo layukan ƙasa sai su ce ba su da abin ƙarawa, wata ma ta ce, "Mu ba mu da Nasaranci." Ranar tafiyata shugaban ya rako ni har wurin moto, ya sa mini albarka, ya ce in gai da mahaifiyata. Na je fegin ƙarshe in yi sallama, ban sami kowa ba.

Na rubuta memuwar. Lissafina ya nuna mutane sun gamsu da shugabansu ƙwarai, kuma ƙungiya tana tafiya daidai. Malamina ya ga jimlar da na ja wa layi, ya ce in sa ta a shafin farko, ita ce zuciyar aikin. Na ce masa ban tabbata na ji ta daidai ba, na cire. Aka ba ni maki mai kyau. Maganar carbi da gwangwani ba ta shiga ko'ina ba, domin ban san a wane babi zan sa ta ba.

Bazabarmen ya cire albasarsa a shekarar, wannan na tabbatar. Mahaifiyata ta ji a kasuwa cewa mutanen ƙarshen tiyo sun samu fiye da yadda suka saba, kuma an ci gaba da juya layin. Amma da rani ya zagayo, Bazabarmen ba ya cikin ƙungiya. Ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Damana. Wasu sun ce mahaifinsa ne ya rasu ya bar masa gona. Wasu sun ce dangin matarsa ne suka daina amsa gaisuwarsa, zaman ya gagara. Ban san wanne ne gaskiya ba. Mai yiwuwa duka biyun.

Yanzu aikina ke nan, ƙungiyoyi suna kirana in auna musu yadda ake tafiyar da su. Abokan aikina suna mini dariya, wai na fi kowa share akwatuna daga takardar tambaya, kuma ko alwala zan yi sai na rataya jaka. Ina barinsu su yi. In aka tambaye ni ko shugabanci yana canza aikin ƙungiya, ina cewa ina jin yana canzawa, na taɓa ganin dattijo ya bi tiyo da ƙafarsa, albasar mutane ta tsira. Amma na kuma ga cewa kafin ya bi tiyon sai da wani ya yi magana, kuma wanda ya yi maganar shi ne ba ya nan. Wannan ban taɓa samun ma'auninsa ba. Na yi kaffarar rantsuwata tun a shekarar, azumi uku, domin ɗalibi ne ni ba ni da abin ciyarwa. Bai rage mini komai ba.

Sau ɗaya na sake ganin Bazabarmen, bayan shekaru, a tashar Filingue. Ina cikin motar Yamai ana jiran ta cika, sai na hango shi yana ɗaure buhu a kan wata mota. Ya yi furfura. Na daɗe ina shawara da kaina kafin na sauka. Na gaishe shi, ya dube ni, ya gane ni.

"Mushe mai takarda! Fofo. Har yanzu kana tambayar mutane?"

Na ce ina yi.

Ya ja igiya ya ƙulle. Ina so in tambaye shi dalilin tashinsa, amma ya riga ni. Shi ya sake magana, ba da fushi ba, kamar mai ba da shawarar iri.

"To, in ka zo wurin talaka, kahin ya buɗe baki, ka gaya mai kai ma akwai wanda kake jin kunya. Sai shi san iyakar abin da za shi hwaɗa maka."

Direbanmu ya danna oda. Na ce masa na gode. Ya ɗaga mini hannu ya koma kan buhunsa.

Tun daga ranar, duk wanda zan yi wa tambaya, da wannan nake farawa. Da yawa in sun ji sai su ba da biyar su tashi. Ba na hana su.